Fasinjan Hanyar Kahu

Uzairu mai zuma ya sa wa kekensa ƙaramin inji don ya riƙa kutsawa daji neman amya. Ranar kasuwar Kibiya duhu ya riske shi a hanya, sai ya yanke ta burtali zuwa Kahu.

A bakin wani rafi wani dattijo ya ɗaga masa hannu.

"Ɗana, rage min hanya."

"Bismillah, Baba, hau."

Ba su yi nisa ba wari ya taso, irin na mushen da ya kumbura a rana. Uzairu ya tofar da yawu, ya ƙara wuta, amma warin yana tare da su. Can ya ji bayan rigarsa ya jiƙe, wani ruwa mai yauƙi yana gangara masa.

"Baba, me ka ɗauko ne haka?"

"Ba komai, ɗana. Ƙasar ce ta yi min nauyi, na fito shan iska."

Uzairu ya dubi hannun da ya riƙe masa ciki. A hasken farin wata ya ga tsutsotsi suna zubowa daga yatsun, suna motsi a cinyarsa. Ya kai hannu zai ja birki.

Dattijon ya ƙara ƙanƙame shi, ya raɗa masa a kunne.

"Kada ka tsaya. Gidanka za mu."