Launin Rigar Yaya

A ajin koyon rubutu na ɗakin karatu suka fara haɗuwa. Ita Auta ce, 'yar wani tela, shi kuma mai gyaran rubutu ne a wata ƙaramar mujalla, kullum da jan biro a bayan kunne kamar kafinta. Ta miƙa masa abin da ta rubuta kan rasuwar yayanta. Ya karanta a tsaye, ya zagaye kalmar "zazzaɓi".

"A nan hannunki ya yi rawa," ya ce a hankali.

Haushi ya kama ta, don gaskiya ya faɗa. Ƙwaya ce ta kashe Yaya, amma a gidansu zazzaɓi ake cewa.

Tana sake rubutawa yana gyarawa, har gyara ya koma hira, hira ta koma abin da 'yan ajin suka gano tun kafin su. Ta laƙaba masa Jan Biro.

Da ya turo manyansa, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai tallar asirin gidajen mutane ba. Auta ta sha kuka, ta ce a buga rubutunta kan Yaya a mujallar kawai kowa ya ji. Sai saƙon Jan Biro ya shigo wayarta:

"Autata, ba na buga ciwon mutum sai an karanta masa ya ji da kunnensa. Yayanki ne, amma ɗansa ne. Ni da shafin muna jiranki."

Ta sami Baba a shago, ta durƙusa ta fara karanta masa. Tana ambaton ƙwaya keken ɗinki ya tsaya. Ta daure ta ci gaba, har wurin da ta ce shuɗiyar riga ce a jikin Yaya ranar ƙarshe.

"Ruwan toka ce," Baba ya ce, bai ɗago ba. "Ni na ɗinka ta. Yana ramewa ina rage masa ita, ban taɓa tambayarsa abin da ke damunsa ba." Ya share ido da ƙyalle. "Sa wannan a ciki. Ki kira min yaron nan."

An buga rubutun, kuma maganar Baba ce kaɗai jan biro bai taɓa ba.

Baba da kansa ya ɗinka kayan ango. Yana cikin gwada wa Jan Biro kayan ya tsaya, ya dube shi sosai.

"Ka ɗan rame, ɗana. Me ke damunka?"

"Son Auta ne, Baba."

Baba ya yi dariya, hawaye na zubo masa. "To, ga ta nan. Allah ya yi muku albarka."