Da Kuɗina Na Saye Ta

"Everybody down!"

Dabo ne ya kwatsa wannan tsawar, da Turancin baƙaƙen Amurka da ya daɗe yana gwadawa a gaban madubin banɗaki. Ƙofar falo ta bugu da bango — gwaram! Farantai suka tarwatse. Mata suka sa ihu. Maza kuwa, jaruman gari, sun riga matan kwanciya.

Rana tsaka ce, ranar Asabar, cikin zafin 1986, a gidan Kambai da ke Upper Marlboro. Bikin baftismar jaririnsa ake yi. Duk wani ɗan Arewa da ke kewayen Washington ya hallara, Kirista da Musulmi, kuma kowace mace ta zubo gwal ɗinta kamar gasa aka sa. Gwal ɗin nan shi ya gayyato 'yan fashin. Su uku ne. Dabo shi ne oga, shi ke riƙe da bindiga. Almu na bin mata da rigar matashin kai yana karɓar sarƙoƙi da awarwaro. Sabo na waje cikin wata tsohuwar mota, inji a kunne. Biyun da suka shiga sun rufe fuska da hular sanyi, a wannan zafin, gumi na tsiyaya har cikin rigarsu.

Doka ɗaya Dabo ya kafa kafin su fito: ko za a mutu, kada wanda ya yi Hausa. Yana da dalili. A idon jama'a shi direban tasi ne mai kamun kai, sahun gaba ranar Juma'a, wanda ake kira in mata da miji sun yi faɗa. Matarsa Sa'adiya da 'yarsa Saudatu ba su san shi da wata sana'a ba bayan tuƙi. In aka gane muryarsa a ɗakin nan, ya gama yawo. Shi ya sa ma tun safe ya hana Sa'adiya zuwa bikin, ya ce hanya da nisa, ta zauna a gida.

Bari in koma baya kaɗan in ba ku labarin bindigar, don ita ce uwar tafiyar.

Da can da wuƙa da bindigar roba suke ɗan taɓa ƙananan shaguna. Da aikin gidan Kambai ya taso, Dabo ya ce lokacin wasan yara ya wuce. Suka zauna cikin tasinsa a bayan wani gidan mai, suna cin kaza.

Almu ya ce, "Oga, akwai wani gaye a cikin gari. Ka ba ni zuwa gobe, zan kawo maka ƙarfe mai zafi."

Dabo ya ɓata fuska. "Bindigar titi? Allah ya kiyaye. Ka san jinin wa ke kanta? Ni ba na aiki da kayan sata, babu albarka a ciki."

Sabo ya shaƙe da ƙashin kaza. "Oga, fashi fa za mu je."

"Shi ya sa nake so mu fara da tsabta."

Kun ji malamin. Washegari ya sa babbar riga, ya tafi wani shagon bindigogi mai lasisi a Woodbridge, kusa da gidansa. Mai shagon wani ƙaton Bature ne mai jan wuya, lasisinsa rataye a bango cikin gilashi. Dabo ya tsaya ya karanta shi daga sama har ƙasa, ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Ya wuce sabbin bindigogi ko kallo bai yi musu ba, don shi mutum ne da ko takalmi sai gwanjo. Can cikin tsofaffin ya hango ta: 'yar libarba, mariƙinta naɗe da jar fata mai koren baki, ɗinkin dukawan gida sak. Ya shinshina fatar, ya tuna kasuwar garinsu, har idonsa ya kawo ruwa.

Mai hankali zai tambayi kansa, me ya kawo ɗinkin baduku shagon Bature a Virginia? Dabo bai tambaya ba. Cewa ya yi alama ce, rabonsa ne ya kira shi.

Sai ciniki. Baturen ya faɗi kuɗi, Dabo ya taya rabi. Baturen ya ce nan ba a tayawa, Dabo ya juya zai fita, ya dawo, ya sake juyawa. Sai da ya gajiyar da mutumin nan ya rage masa. Dabo ya rubuta sunansa na gaskiya da adireshinsa a takardar ciniki, da kyakkyawan rubutu kuwa. Da aka miƙo bindigar ya tsaya ƙyam.

"Gyara fa?"

Baturen bai gane ba. Dabo ya yi masa bayani cewa a wajenmu mai saye ba ya tafiya hannu haka, sai an ɗora masa wani abu. Don dai ya rabu da shi, Baturen ya ƙara masa 'yan harsasai. Dabo ya ji daɗi, har ya bar masa katin tasinsa, ko wata rana zai buƙaci a kai shi filin jirgi.

Da ya nuna wa yaransa ita, Sabo ya yaba. Almu ya kalle ta, ya kalli Dabo, ya yi tari, ya ce kyakkyawa ce.

To, mu koma falon Kambai.

Aiki na tafiya sumul. Rigar matashin kai ta yi nauyi. Kambai, tsohon soja ne daga Kafanchan, yana kwance rub da ciki kusa da matarsa Constance, wadda ta ƙanƙame jaririn. Ya ɗago ido a hankali yana auna ɗan fashin. Takalmi. Wando. Hannu. Sai idonsa ya tsaya cak a kan jar fatar nan.

Ya manta da tsoro. Ya miƙe zaune.

"Kai! Bindigata ce wannan!" Da Hausa ya faɗa, don ta ita mamaki ke fito masa. Ya juya ga jama'a. "Wallahi ita ce! Wadda aka fasa gidan nan aka sace bara! Ni na kai wa wani baduku ɗan Nijar ya naɗa mata fatar nan. Ashe kai ne ɓarawon! Ɓarawo, ka dawo da kayan sata a hannunka!"

Dabo ya jure "ɗan fashi" a rayuwarsa, a zuci dai. Amma ɓarawon bindiga? Bindigar da ya sha wahalar tayawa? Jini ya hau masa kai.

"Ƙarya kake yi! Da kuɗina na saye ta! A Woodbridge, shagon mai lasisi, har gyara aka ba ni!"

Tsit.

Hausa ce tangaran, da muryar da kowa a ɗakin ya sha ji tana yi wa ma'aurata nasiha. Waɗanda ke kwance suka fara ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Almu ya ce, "Innalillahi," ya ƙara tabbatar wa mai shakka.

Sai ƙofar kicin ta buɗe. Wata mata ta fito riƙe da tiren shinkafa. Sa'adiya ce. Ta biyo motar maƙwabta ta zo taya Constance girki, da niyyar komawa kafin mijinta ya tashi aiki. Tun da aka fara ihu take laɓe a ciki, sai da ta ji muryar.

"Baban Saudatu?"

Tiren ya suɓuce — tatsatsa!

"Oga, mu ware!" Almu ya fizge shi. Suka banka waje. Ƙofar mota — gam! Taya ta yi ƙara. Suka ɓace.

Ba a jima ba 'yan sanda suka cika gidan. Shugabansu wani baƙar fata ne, Sajan Alexander, mai magana a hankali. Ya tambaya ko akwai wanda ya gane 'yan fashin. Kowa ya sunkuyar da kai. Sa'adiya na zaune a ƙasa cikin shinkafa, ba ta kuka, ba ta motsi, kuma babu wanda ya iya kiran sunan mijinta a gabanta.

Kambai ya ce, "Sajan, ba sai mun faɗa ba. Shi da bakinsa ya gaya mana inda ya sayi bindigar. Amma ku yi hankali, bindigata ce, ba ta wasa."

Constance ta gyara wa jaririn kwanciya. "Ba za ta tashi ba."

Kambai ya juyo. "Me kika ce?"

"Tun ina da cikin fari na kai ta wajen mai gyara ya cire allurar da ke dukan harsashin. Ni nas ce, na ga abin da bindigar gida ke yi wa yara. Ba zan kwana da ita a ƙarƙashin gado ba."

Kambai ya buɗe baki. "Shekara da shekaru ina gadin gidan nan da ƙarfen banza?"

"Ga shi kuwa har yau kana raye."

Sajan ya ɗauki wayar gidan ya nemi shagon. Bai gama kwatance ba Baturen ya katse shi. Jar fata? Ai ba zai manta da mutumin ba har ya mutu, ga ma katinsa nan manne jikin teburi. Da aka ce masa bindigar ta sata ce, sai ya hau rantsuwa. Shi yana da lasisi. Wani saurayi ne ya kawo ta, ya ce ta kakansa ce. A'a, bai bincika ba. A'a, bai gwada ta ba. Amma yana da lasisi, kowa na iya zuwa ya gani, yana nan a bango.

A wannan lokacin motar su Dabo na tsula gudu a babban titin da ya kewaye Washington, sun nufi gadar kogin Potomac. Sabo na tuƙi yana salati. Dabo na gaba, ya cire hular, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Almu na baya, rungume da gwal.

Can Dabo ya ce, "Almu. Wa ya ce mana ƙofar gidan nan ba ta kulluwa da kyau?"

"Ni."

"Wa ya san inda falo yake, ya san inda za a ajiye mota?"

Almu ya kau da kai yana kallon taga.

"Bara aka fasa gidan. Kai ne."

Almu ya yi wata 'yar dariya. "Oga, ɗan aikin gefe ne, ba na son damunka. Ni na kai wa Baturen ita. Ina na san duk bindigogin Amurka ita za ka ɗauko?"

"Ka gan ta a hannuna! Ka bar ni na shiga gidan mai ita da ita!"

"To in ce me? Kai da ba ka aiki da kayan sata?"

Dabo ya juya, ya ɗora masa bakin bindigar a goshi. "Matata ta gan ni, Almu. Matata!"

"Oga, kar ka—" in ji Sabo.

Ya ja kunamar.

Ƙas!

Ya sake ja. Ƙas! Ƙas!

Almu ya fashe da dariya har da hawaye. "Ka zaci don me na sayar? Ba ta tashi! Ko gwadawa ba ka yi ba, kana tattalin harsashin gyara!"

Dabo ya haura kujera ya shaƙe shi. Ƙafarsa ta tokari sitiyari. Sabo ya yi ƙara — motar ta kwace — ƙarfen gefen titi — garam!

Sabo, wanda ko ƙofar gidan bai taka ba, nan take ya cika. Almu ya karye a cinya, gwal ya watse a kwalta. Tun kafin a ɗora shi a motar asibiti ya fara ba 'yan sanda labari, har da abin da ba su tambaya ba. Dabo ya fita ta taga da tsagaggen goshi, ya faɗa cikin itatuwa. Direban tasi guda, ranar sai da ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa tasin wani hannu.

Gab da magariba ya shiga gidansa ta ƙofar baya. Sa'adiya na zaune a teburin kicin da kayan bikin a jikinta. Ta tura Saudatu gidan maƙwabta.

"Sa'adiya, ki saurare ni. Bindigar nan wallahi saye na yi—"

Ba ta dube shi ba. Ta kai hannu kunnenta ta cire ɗan kunnen gwal, ta cire ɗayan, ta kwance sarƙar wuyanta. Shi ya kawo mata su da Sallar bara, ya ce tasi ta yi albarka. Ta jera su a gabansa.

"Daga kunnen wa ka ciro waɗannan?"

Ta tura masa su, ta ci gaba.

"Na sa su na je gidan mutane. Na sa wa Saudatu ta je makaranta da su ranar hoto. Wayyo ni, na ji kunyar da ban taɓa ji ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Ita ta tashi ta buɗe.

An kai gawar Sabo gida da karo-karon mutanen da ya je yi wa fashi. Almu ya samu sassauci saboda bakinsa, ya fito da ɗingishi. An ƙwace lasisin Baturen, gilashin kawai aka bar masa. Kambai ya karɓi bindigarsa bayan shari'a, Constance ta ce ya rataye ta a bango tunda ado ce dama.

Shi kuwa Dabo, tuhume-tuhume aka jero masa: fashi, tsoratar da jama'a, sanadin mutuwar Sabo, da mallakar bindigar sata. Bai yi gardamar ko ɗaya ba sai ta ƙarshen. A kanta ya tada jijiyar wuya, ya sa lauyansa ya kira Baturen ya ba da shaidar cinikin, har da gyaran. Kotu ta gamsu cewa bai san ta sata ba ce. Aka wanke shi daga wannan, aka ɗaure shi a kan sauran, shekarun da har Saudatu ta yi aure ta haihu bai fito ba.

Da alƙali ya ce a kan bindiga ba shi da laifi, Dabo ya yi murmushi, ya waiwaya bencin baya don ya ga ko Sa'adiya ta ji.

Babu kowa a bencin.