Turaren Wuta a Gidan Harsashi

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga wani kulob ɗin harbi da ke Abhur, a gefen Jidda. An ce bindiga ta tashi a tsakiyar gasa, an ji wa mutum ciwo.

Sufeto Abdulghaffar ya tarar an riga an tafi da Bandar, mai kula da tsaron filin, asibiti. Siminti harsashin ya daka, ɓarɓashinsa ya yanki Bandar a ƙwauri. Raunin da sauƙi, amma manyan kulob sun riga sun yanke hukuncinsu tun kafin jinin ya bushe: Nuf, 'yar gasar da bindigar ta tashi a hannunta, ita ce ta taɓa cikin bindigarta ba bisa ƙa'ida ba. Idan hakan ta tabbata, za a ƙwace lasisinta, a kai ta kotu.

Nuf na zaune a benci, ta harɗe hannuwa. Haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan da suka zo daga Kano a ƙasa, kamar shi Sufeton. A wannan gasa ake zaɓen waɗanda za su wakilci yankin, kuma ita ke gaba kafin abin ya faru.

"Me ya samu bindigar?" ya tambaye ta da Hausa.

"Ta cije. Harsashi ya taso rabi ya tsaya, bai shiga ba. Na ja na sake, ta kuma cijewa. A na gaba ne ta tashi."

"Kin canja wani abu a cikinta?"

"Wallah ban taɓa ba. In suna son wurina su ɗauka, amma ba zan amsa laifin da ban yi ba. Halas, shi ke nan."

Sufeto ya sa aka kira Mazen, mai ajiyar makaman kulob, mutum mai yawan magana da ƙarancin aiki.

"Ka duba kayanta kafin gasa?"

"Komai, ya Sidi! Bindiga, harsashi, makhzan, duk da hannuna."

Sufeto ya sa aka kwance bindigar a kan tebur. Bututun fes yake, gangaren da harsashi ke bi ya shiga yana sheƙi, sifirin na asali ne, ba a rage shi ba. Aka ɗebo harsasai daga kwalin Nuf, aka zuba a makhzan na kulob, wato gidan harsashin da ake cusawa a mariƙin bindiga. Mazen ya harba. Bindigar ta yi ta tashi tas-tas har harsasan suka ƙare.

"To sa nata makhzan ɗin," in ji Sufeto.

A harbi na biyu ta cije. Aka gwada sauran nata, duk kanwar ja ce.

Sufeto ya danna farantin da ke turo harsashi sama da ɗan yatsa. Ya sauka, amma wajen dawowa sai da ya yi ta jan jiki kamar wanda aka tasa daga barci.

"Wannan ka duba da hannunka?"

Zufa ta karyo wa Mazen duk da sanyin na'ura. "Gaskiya... bindigar kawai na duba. Makhzan ɗin tana tafiya da su gida babu harsashi, ta goge. Kowa ma haka yake yi."

Aka zare gindin makhzan ɗin. Sifirin ya fito da wani abu ja-ja mai danƙo manne a jikinsa. Mazen ya shinshina ya ce, "Turaren ud ne. Duk Jidda ana shafa ud."

Sufeto ya kai shi hanci. Wannan ba ud ba ne. Narkakken sukari ne da ƙaro da farce, haɗin da matan Hausa ke dafa turaren wuta da shi. Ƙamshin ɗakin kakarsa ke nan, kuma bai ji daɗin gane shi ba ko kaɗan.

Ya koma wurin Nuf. "Wa ke taɓa jakarki a gida?"

"Ba kowa. Ni kaɗai nake zaune."

"Wa ke dafa turare a gidanku?"

Fuskarta ta canja, amma ta dake. "Saye nake yi a kasuwa."

"Yalla, mu je in ga kasuwar."

Gidan na hawa na uku a wani tsohon bene a unguwar Sharafiyya. Tun daga matakala ƙamshi ya tare su. A kicin suka tarar da wata dattijuwa tana juya itacen turare a kasko, kwalabe jere a bayanta. Mariyamu ce, ƙanwar mahaifiyar Nuf. Ta zo umra shekarar da yayarta ta rasu, ta ga jaririya ba uwa, ta ƙi komawa. Da kuɗin turaren nan ta raini yarinyar, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya mata.

Ta dubi kakin Sufeto, ta rage wuta, ba ta daina juyi ba.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yawwa, ɗan nan. Ka zauna in ka ga wuri."

Ya ajiye sifirin a gefen kaskon. Abin da ke jikinsa da abin da ke tafasa launinsu ɗaya.

Nuf ta shiga tsakaninsu da sauri. "Ni na zuba! Kuskure ne, ina gogewa a nan kicin..."

"Rufe min baki," in ji Mariyamu. "Ban raine ki don ki yi ƙarya a gaban hukuma ba, balle ki shiga kurkuku a kaina."

Ta juyo ga Sufeto, ido cikin ido. "Ni ce. Da tsinke na ɗiɗɗiga shi ciki yana da ɗumi. Na shinshina ban ji komai ba, na manta hancina ya daɗe da mutuwa a kan wannan ƙamshi."

"Saboda me, Hajiya?"

"An ce min duk wanda aka zaɓa sai an zo an binciki gidansu, an ga wa da wa ke ciki. In suka zo, ni za su samu. Na ce bari ta faɗi wannan karon kawai, bindiga ta ƙi tashi, ta dawo gida ta yi kukanta in lallashe ta. Ban nufi jinin kowa ba, Allah ya sani. Yaron da ya ji ciwo, ina neman gafararsa. Amma zaman da na yi a ƙasar nan, ba zan nemi gafarar kowa a kansa ba."

Sufeto ya ji tausayinta har cikin ransa. Ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago, kuma da hannunta ta jawo 'yan sandan da take gudu har cikin kicin ɗinta.

Nuf tana kuka tana huci. "Inna, me ya sa ba ki gaya min ba? Wallah da na ajiye bindigar da kaina!"

"Shi ya sa ban gaya miki ba. Da kin ajiye ta har abada, kullum kina kallona kina tuna abin da na ci miki."

"Hajiya, dole mu tafi tare," in ji Sufeto a hankali. "Zan rubuta cewa Nuf ba ta taɓa bindigarta ba. Sauran kuma ba a hannuna yake ba, kin sani."

"Na sani tun ranar da jirginmu ya tashi ya bar ni."

Ta kashe wuta, ta rufe kaskon, ta ɗauki abayarta. Wata 'yar sanda da ta rako su, tana tsaye a ƙofa, ta miƙo hannu za ta riƙe ta, Mariyamu ta janye kafaɗarta.

"Da ƙafata na shigo garin nan, da ita zan fita."

A bakin matakala ta waiwayo ta dubi Nuf, wadda ta durƙushe a ƙofar gida.

"Tashi ki share hawayen nan. Ki wanke kayanki da kyau, ki koma ki yi harbinki. Su zo su bincika yanzu, ba wanda za su samu a gidan."