Allon Mutumin Tsafe

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ba mai yawan magana ba ce. Amma kakata ta ce in ban rubuta ba, da shi za a binne ta. Labarin mahaifiyarta ne, Dije.

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, Dije ta rako gwaggonta Mairo daga Bungudu, suna sayar wa leburori dakuwa da ƙuli-ƙuli. Wani saurayi siriri ya zo ya sayi dakuwa, ya tafi, ya dawo ya sake saye, ya kuma dawowa.

"Kai ɗan nan, cikinka rumbu ne?" in ji Gwaggo Mairo.

"Gwaggo, ba dakuwar ke dawo da ni ba."

Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, ta zuba wa yatsun ƙafarta ido.

Sunansa Lawwali, mutumin Tsafe ne. Aikin ya biyo tun daga garinsu, har Baturen aikin ya ɗora shi a kan leburori. Ranar Lahadi ba a aiki, sai ya tako da ƙafa har Bungudu, su yi zance bayan la'asar a gindin durumin ƙofar gidan mahaifinta, Malam Abdulsalami. Kunya ba ta barin Dije ta faɗi sunansa. Mutumin Tsafe take ce masa.

Dukansu sun yi makarantar allo, don haka Gwaggo Mairo ke kai musu wasiƙa da ajami a ƙarƙashin faifan talla. Shi ya rubuta:

"Dijena, hasken idona. Daga Lahadi zuwa Lahadi ya fi hanyar Tsafe tsawo. Ki riƙa cin abinci."

Ita ta mayar:

"Na ci. Allah ya tsare."

Akwai Dogo, dillalin auduga, wanda ya daɗe yana aikowa a kira masa Dije zance, ba ta fitowa. Wata safiya tana shara a bayan zaure ta ji muryarsa.

"Malam, da idona na gani. Yaron nan na Tsafe yana tafe da allo a hannu yana ƙus-ƙus, ba kuwa Alƙur'ani yake karantawa ba. In ya iso sai ya wanke allon, ya zuba ruwan a gindin duruminka. Ɗiyarka da ko kallon mutum ba ta yi, yanzu ita ke leƙen hanya. Ka ce a banza ne?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Dije. Abin da ya tsorata ta shi ne, gaskiya Dogo ya faɗi. Tana leƙen hanya. Sau biyu tana ƙona tuwo. To son nan nata ne, ko sa mata shi aka yi?

Ranar Lahadi, da Lawwali ya shiga masallaci ya bar jakarsa a gindin durumi, ta lallaɓa ta zaro allon. Duk baƙaƙen ta san su, amma ba Larabci ba ne, ba Hausa ba ce. *Fik of. Fut dawun. Hori of. Luk awut. Kam bak.* A can ƙasa kuma, da rubutu mai kyau da aka yi a natse: *Ai wil luk afta yu.*

Haka ta ji ana cewa sunayen aljannu suke. Tana tsaye da allon a hannu sai mahaifinta ya fito daga masallaci, Lawwali na bayansa.

Lawwali ya durƙusa. "Malam, Turanci ne. Maganganun aiki ne, akawunmu ke koya mini. In ban haddace ba, Bature ya sa wani a wurina."

"Ina fassarar?"

"A kaina take, kamar yadda aka koya mana karatu."

"A kanka! Duk Bungudu babu mai jin Turanci, kana iya ce mana komai. Allon ya zauna nan. Kai kuma kada in ƙara ganin ka a ƙofar gidana."

Lawwali ya dubi Dije. Ta kau da kai.

Bayan kwana uku Gwaggo ta kawo wasiƙa:

"Dijena, ban ce ki yarda da ni ba. Ki zo ki ji da kunnenki."

Ba ta mayar da amsa ba. Mako biyu tana juya maganar, sannan ta ɗauki faifai ta bi Gwaggo. Ba su zauna inda suka saba ba. Bayan wata kuka suka raɓe, kusa da inda ake jera ƙarafa. Dije ba ta buƙatar allon, gani ɗaya ta haddace shi.

Baturen ya daka tsawa: "Fik of!" Lawwali ya ce, "A ɗauka!" Mutum ashirin suka ciccibi ƙarfe. "Fut dawun!" Suka ajiye. "Hori of!" Suka ƙara sauri. Can wani katako ya suɓuce daga kan tari, aka yi ihu, "Luk awut!" Kowa ya watse kafin ya faɗo. Wani lebura ya sulale zai nufi masu talla, Baturen ya hango shi: "Kam bak!" Ya dawo yana sosa ƙeya.

Dije ta lanƙwasa yatsu biyar. Ta jira na shida har aka tashi aiki, ba ta ji shi ba.

Da suka koma gida ta durƙusa a bakin zaure. Ba ta taɓa fara yi wa mahaifinta magana ba sai ranar.

"Baba, na je na saurara. Biyar maganar aiki ce, na ga ana yin abin da suka ce. Amma na ƙasan nan ban ji kowa ya faɗe shi ba."

Malam ya ce, "To shi ne abin da aka binne mana."

Washegari ya hau jakinsa da allon a hammata, Gwaggo da Dije suna biye. Bai nemi Lawwali ba, don kada a haɗa baki. Rumfar akawu ya nufa, wani mutumin kudu mai tabarau. Malam ya yi a'uziyya, sannan ya karanta masa layin ƙarshe da ƙarfi, kamar mai jan baƙi.

Akawun ya yi dariya har ya cire tabarau. "Malam, ni za ka kula da ni? Na gode! Ma'anarsa, zan kula da ke. Yaron nan ya hana ni sakat, wai in koya masa abin da zai gaya wa yarinyarsa."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Dije ta shige bayanta, ta rasa inda za ta sa fuska.

Aka kira Lawwali, ya zo da ƙura har gira. Malam bai saki fuska ba.

"Saura ruwan. Me ya kai shi ƙofar gidana?"

"Malam, maganar ta Nasara ce, amma baƙaƙen na Alƙur'ani ne. A barikinmu babu inda ba a takawa da ƙazanta. Na ga a gindin durumin nan kake zuba wankin allonka, na san wuri ne mai tsarki."

Malam ya shafa gemu. Can ya miƙa masa allon.

"Ka nemi takarda, allo ba na wannan ba ne. Kuma ka turo manyanka."

Bayan kaka dattawan Tsafe suka iso Bungudu da goro, aka ɗaura aure a gindin durumin. Dogo ma ya zo, amma can nesa da saiwar ya zauna. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya sanya albarka, ya ba su zuri'a ta gari, ya sa su kula da juna." Jama'a suka shafa, aka kai amarya Gusau.

Kwana ɗaya tak Baturen ya ba ango. Da gari ya waye Lawwali ya rataya jakarsa, ya kai bakin ƙofa. Dije, wadda tun da aka kawo ta ba ta ce uffan ba, ta leƙo ta bayan asabari.

"Mutumin Tsafe."

"Na'am, Dijena."

"Kam bak," ta ce, ta saki asabarin ta ruga ciki.