Shafi Na Huɗu

Na ajiye fitowa ta uku ta mujallarmu kusa da ta tara a kan teburin Yaya.

"Karanta wannan," na ce, "sannan ka karanta wannan."

Yaya ne shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci, ni kuma nake buga musu mujallar wata-wata. Shi ya ce in tattara na shekarar nan a ɗinke su littafi guda, shi ya sa tun safe nake bin su shafi-shafi.

Shafi na huɗu na Bakanike ne, inda yake ba da shawara. Ba ya iya zaman rubutu, don haka duk wata nakan je garejinsa da littafina. Yana kwance a ƙarƙashin mota yana faɗa, ina zaune kan tsohuwar taya ina rubutawa.

"Editata, rubutu kike ko kallon takalmina?"

Haka yake tsokanata, har na fara ƙirga kwanakin wata.

Bayan fitowa ta shida ya samu Yaya ya ce yana sona. Yaya ya ce a kan injin babu kamarsa, amma ƙanwarsa ba za ta ƙare a wankin baƙin mai ba. Ya hana ni taka garejin. Sakataren ƙungiya, wanda ya daɗe yana aiko min gaisuwa ina share shi, ya ce shi zai riƙa karɓo shafin. Shi ne kuma ya raɗa min cewa Bakanike ya ce in fita harkarsa.

Na yarda. Na sha kuka, na kuma ƙullace shi.

A fitowa ta tara shafin ya ce in mota ta ɗau zafi a hanya, a buɗe lagireto nan take a ɗura ruwan sanyi. Likita, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ya bi shawarar. Kan injin motarsa ya tsage, motar da mahaifinsa ya rasu ya bar masa.

A wurin taro Bakanike ya ce ba maganarsa ba ce. Sakatare ya rantse daga bakinsa ya ji. Aka juyo kaina, na ce abin da aka kawo min shi na buga. Ko kallon Bakanike ban yi ba.

Aka cire shi daga ƙungiya. 'Yan ƙungiya suka janye motocinsu daga garejinsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai yau na ga abin da ke fitowa ta uku: "Kada ka kuskura ka zuba wa injin mai zafi ruwan sanyi. Kashe shi, ka jira ya huce." Da hannuna na rubuta, har sau biyu ya sa na maimaita masa.

Yaya ya karanta duka biyun. Sannan ya turo min makullin motarsa.

Na tarar da Bakanike yana loda akwatunan sifana a bayan a-kori-kura. Garejin wayam, sai tabon mai a ƙasa. Ya ce ya samu aiki a wani gari mai nisa, yau zai tafi.

Na miƙa masa mujallar, hawaye na zuba.

"Na gani... wallahi sai yau na gani."

Ya goge hannunsa da tsumma, amma bai karɓa ba.

"Sakatare bai ba ni mamaki ba," ya ce a hankali. "Ranar taron nan ke kaɗai nake kallo. Na ce ko kowa ya manta, Editata za ta tuna."

Na roƙe shi ya tsaya, na ce Yaya ya sauko. Ya ce ya yafe min tuntuni, amma wata uku ya yi yana ɗaga kai duk sanda ya ji takun mace a bakin gareji, ba zai iya komawa wannan jiran ba.

Ya tada mota. Ban tambayi sunan garin ba, shi ma bai faɗa ba.

A fitowa ta sha biyu na cika shafi na huɗu da gyara da neman gafara, da sunana a ƙasa. Yaya bai cire ko kalma ɗaya ba. Sakatare ya ajiye muƙaminsa, Likita ya yi ta neman lambar Bakanike, ba ta shiga.

Kwafi sittin da ɗaya na buga, kamar yadda na saba. Sittin sun isa hannun masu su.

Ɗayan yana cikin ambulan a jakata, ban san adireshin da zan rubuta ba.