Ɓarawon da Ya Rufe Ƙofar Waya

Da Doña Elbia Larrosa ta sauko daga motar Minas da tsakar ranar Talata, sai ta tarar ɗakinta na tafi-da-gidanka, mai tayoyi da ake ja da mota, ba ya inda ta bar shi. A ƙarƙashin bishiyar turaren da ke bayan gidanta, can bakin garin Aiguá, babu komai sai shatin busasshiyar ciyawa da bulon da ake tokare tayoyi da shi. Ranar Asabar kuma za a shiga makon hutun Ista, makon da ba ta taɓa fashin jan ɗakin nan zuwa bakin kogin Cebollatí ba, tun mijinta Aparicio yana raye har bayan rasuwarsa.

Insfekta Zulma Techera ta iso a motar ofis ba jiniya ba komai. Mace ce da ba ta san gaggawa ba. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai in gobara ta tashi sai ta gama shan mate, shayin ganyen da suke zuƙa a ƙoƙo, tukuna. Ta tsayar da motar a titi, ta tako zuwa shingen filin da ke bayan gidan, ta tsaya tana kallon ƙofar.

Irin ƙofar karkara ce, wayoyi a ɗaure jikin sanda. In za ka rufe, sai ka zura gindin sandar a zoben ƙasa, ka danna da kafaɗa iya ƙarfinka, sannan zoben sama ya shiga. Ƙofar tana rufe ruf, wayoyin a miƙe. A ciki tumaki suna kiwonsu, ko a jikinsu. Sawun tayoyin ya fito ta ƙofar, ya hau tsakuwar titi, ya ɗan nutse a wuri guda inda motar ta tsaya. Daga nan sawun takalmi ya dawo bakin ƙofa, ya sake komawa.

Doña Elbia tana zaune a baranda da fulas a hammata. Kusa da ita Bentancur ne, wakilin kamfanin inshora, wanda ofishinsa ke jikin kantin magani. Ya riga 'yan sanda zuwa, abin da Zulma ba ta taɓa ganin ya yi ba in biya ake nema a wurinsa.

"Zauna, 'yar nan," in ji Doña Elbia. "Ki ji abin da wannan yake faɗa mini a gidana."

"Ni ban ce komai ba, Doña," in ji Bentancur yana gyara wuyan riga. "Cewa na yi kamfani zai yi tambaya. Ɗakin da ya tsufa ba inshora, ko wata biyu ba a yi da yi masa ba, sai ya ɓace ranar da mai shi ba ta gari. Ke ma kin san yadda abin zai yi kama."

"Ɓarauniya kake kira na ke nan, da ladabi."

Zulma ta ja kujera. "Me ya kai ki Minas, Doña?"

"Sayayya."

Zulma ta dubi jakar da ke gefen kujera. A lanƙwashe take, ba komai a ciki. Tsohuwar ta karkato fulas za ta zuba ruwa a ƙoƙon mate, ruwan ya sauka a gefe, a kan tebur. Ta yi tsaki, ta laluba bakin ƙoƙon da babban yatsa, sannan ta zuba daidai ta miƙo.

"Wa ya san za ki yi tafiyar?"

"Ƙanena Yamandú. Sai Tumbi makanike, don ya ce zai zo ya duba mini birki, na ce masa ba na nan."

"Tumakin nan fa?"

"Na Yamandú ne. Yana aiki a wata gona can hanyar dutse, ba shi da wurin ajiye nasa, sai na ce ya kawo."

"Kin gaya masa abin da ya faru?"

"Ta ina? Can waya ba ta shiga."

"Inshorar, ke kika ga ya kamata?"

Doña Elbia ta yi dariyar takaici. "Ni? Shekara da shekaru muna jan ɗakin nan da marigayi, ko cokali ba a taɓa ɗauke mana ba. Yamandú ne ya hana ni sakat tun Kirsimeti. Yaya ki yi inshora, Yaya duniya ta lalace. Na ce masa kamfani zai iya biyana gadon da Aparicio ya ƙera da hannunsa? Da ya ishe ni na yi don in huta." Ta juya wajen Bentancur. "Ka riƙe kuɗinku. Ɗakina nake so, kuma kafin Asabar."

Zulma ta miƙa ƙoƙon ta tashi. "Doña, zo ki buɗe mini ƙofar can, ki rufe."

Suka tafi su uku. Tsohuwar ta sa kafaɗa ta danna sandar iya ƙarfinta, zoben bai ko motsa ba.

"Ba na iyawa," ta ce tana haki. "Tun da kafaɗar nan ta fara ciwo. In na buɗe da ƙyar, igiya nake ɗaurawa har wani ya zo."

"Ka gwada, Bentancur."

Ya gwada. Ya buɗe, amma rufewa ta gagara, har waya ta yage masa hannun riga. Zulma ta karɓa ta rufe, don ita a karkara ta tashi.

"To ka gani," ta ce masa. "Ba ita ta fitar da shi ba."

"Ai tana iya sa wani."

"Wanda ya sa a ɗauke masa kaya don inshora, ƙofa a wangale yake bari, har ya yanke waya don a ga ɓarna. Ka je ka ɗinke rigarka."

Garejin Wilmar, wanda duk gari ke kira Tumbi, yana bayan gidan mai. Zulma ta same shi kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, cikinsa ne kawai a waje.

"Tumbi, fito. An ce ka taɓa taya ɗakin Doña Elbia."

Ya turo kansa waje yana goge hannu. "Sau nawa ma. Ta ce in jira ta mutu. Me ya faru?"

"An ɗauke shi yau da safe."

"Kai. Ɗakin marigayi Don Aparicio? Wane marar tsoron Allah ne?" Sai kuma ya sha jinin jikinsa. "A'a, ranki ya daɗe, kar ki dube ni haka. Ga motata can, tun jiya injinta yana ƙasa."

Ta leƙa. Motar tana kan bulo, bakinta a buɗe, ƙura ta kwanta a kan ƙugiyar ja.

"Kana iya aron wata."

"In ari mota in ja ɗaki fari fat ta tsakiyar Aiguá da rana? Ni da ko biredi na saya sai an gaya wa matata?"

"Yaushe rabonka da filin?"

"Tun rani. Kuma ba don Doña ba, da ba zan koma ba. Na shiga gyaran taya na manta ƙofar nan a buɗe, tumaki suka fita titi. Yamandú ya biyo ni har nan da bulala a hannu. Mutumin da ko magana ba ta dame shi ba, ranar sai da aka riƙe shi. Wai a kan ƙofa."

Zulma ta yi murmushi. "Koma aikinka."

Washegari da safe ta ɗauki hanyar dutse. Ƙofofin waya ne a jere kafin a kai gonar, kowace ta sauka ta buɗe, ta wuce, ta sauka ta rufe. Haka aka koya mata tun ba ta kai tsawon sandar ba, kuma ko bacci take hannunta zai yi.

Ta sami Don Yamandú Larrosa yana gyaran sirdi a inuwa. Siriri ne, ya manyanta, hularsa ta sha rana har ta koɗe. Ya tashi ya gaishe ta, ya zuba mate ya miƙo.

"Don Yamandú, labari na kawo maka marar daɗi. Jiya ɓarayi sun shiga filin yayarka da mota, sun fita da ɗakin."

Ya sunkuyar da kai. "Assha. Ita lafiyarta ƙalau?"

"Lafiya lau."

"To da sauƙi. Ai akwai inshora, za su biya ta."

Zulma ta zuƙi mate a hankali har ƙoƙon ya yi ƙara. Ta miƙa masa, ya sake zubawa, ya sha nasa. Suka yi maganar ruwan da bai sauka ba, da tsadar ciyawa. Ta ba shi lokaci isasshe, tana jiran tambaya guda, tambayar ba ta zo ba.

"Don Yamandú," ta ce, "ba ka tambaye ni tumakinka ba."

Hannunsa ya tsaya a kan fulas.

"Na ce maka ɓarayi sun buɗe ƙofar filin sun fita da mota. Tumbi ya bar ta a buɗe sau ɗaya, ka bi shi da bulala. Yau ko ka ce tumakin fa. Ba ka tambaya ba don ka san suna ciki, kai ka rufe su."

Ya ajiye fulas ɗin a ƙasa.

"Ɓarawo yana jan kayan sata ido na ganin ido, ya tsayar da mota a titi, ya sauko, ya dawo ya danna sanda da kafaɗa. Baƙo ba zai yi ba, ɗan birni ma bai iya ba. Na ce to mutumin karkara ne, amma su rabin gari ne. Sai na duba wa ya san ba ta nan, wa tumakin suka dama, wa kuma ya matsa mata ta yi inshora don kada ta yi asara. Duk kai ne. Yana ina?"

Ya nuna rumfar askin tumaki da haɓa. Ba lokacin aski ba ne, ba mai shiga. Ɗakin yana ciki an lulluɓe shi da tamfol, har tayoyin an tokare su da kyau.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Bayan hutu sai in ajiye shi a bakin hanya a tsinta. In kuma ba a tsinta ba, kamfani ya biya. Na ɗauka ba wanda zai cutu."

"Bentancur yana shirin kiran yayarka 'yar damfara."

Ya ɗago da sauri. Wannan kam bai zo masa a rai ba, kuma ta ga yadda ya ji kunya.

"Ba ta gani, Insfekta. Tana ɓoyewa, amma ba ta gani, kuma ita ke tuƙi da kanta. Hanyar kogin nan manyan motocin shinkafa ne ke bin ta. In na ce kar ta je, ba za ta ji ba. Ita ta goye ni, har yau yaro nake a wurinta."

"Ɗaura shi a motarka," in ji Zulma. "Kai za ka mayar."

Doña Elbia tana baranda lokacin da suka iso. Ta ji ƙarar tayoyin tun kafin su tsaya, ta taso tana dafa shinge. Ta shafa jikin ɗakin, ta buɗe ƙofarsa ta shaƙi warin ciki. Sannan ta juyo wajen motar da ta jawo shi.

"Motar wa nake ji kamar ta Yamandú?"

"Ni ne, Yaya."

"A ina ka samo shi?"

Ya cire hula. "Ni na ɗauka."

Zulma ta koma gefe ta jingina da motarta. Ba ta son irin wannan wurin, amma aikinta bai ƙare ba.

"Tun yaushe ka san ba na gani?" in ji tsohuwar.

"Tun ranar da kika wuce ni da mota a bakin kasuwa. Ina tsaye a gefen titi ina ɗaga miki hannu, kika kusa taka ni, ba ki san ni ba ne."

"Shi ne ka zama ɓarawo. Bakinka ciwo yake?"

"Da na faɗa za ki ji?"

"Ba zan ji ba." Ta goge ido da bayan hannu, ranta a ɓace. "Ka san me ya kai ni Minas? Likitan ido. Ya ce baɗi war haka ko hannuna ba lalle in gani ba. Bana ne kawai ya rage mini in ga kogin nan, Yamandú. Shi ka ɗauke ka kai rumfar tumaki. Wane kamfani ne zai biya ni wannan?"

Yamandú ya murɗe hular a hannunsa. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

Zulma ta gyara murya. "Doña, sai kin faɗa mini. In kai ƙara gaba, ko in ce an ga kaya?"

"Ki ce an ga kaya. Ki kuma gaya wa Bentancur ya zo ya ba ni haƙuri, a nan inda ya faɗa."

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro makullin motarta. Ta juya shi a tafin hannu, kamar ba za ta iya rabuwa da shi ba.

"Kullum in na ce ka zo mu je, sai ka ce aiki. Bana ka nemi hutu. Asabar da sassafe, kuma ba na son tuƙin tsoro."

Ta miƙa makullin. Hannunta ya kauce, ya nufi gefen da ba kowa. Yamandú ya matsa a hankali zuwa inda hannun yake, ya karɓa.