Rigar Da Hanci Ya Zaɓa

A ɗakin gwaji suka fara haɗuwa, ita da leda a bakin hanci, shi da biro a bayan kunne.

Ƙaramin malami ne a jami'a, yana koyar da yadda halayyar ɗan Adam ta samo asali tun daga kakannin kakanni: me ya sa muke tsoron maciji, me ya sa muke kishi. Ita kuwa digiri na biyu take yi a sashen. Bincikensa shi ne ko mace na iya zaɓen miji da hanci. Maza su kwana cikin farar riga, a ƙulle ta a leda, mata su sansana su zaɓa.

"Wannan bincike ne ko horo?" ta ce tana yamutsa fuska. "Duk karatunka a gumin ƙattai ya ƙare?"

"Ki zaɓi ɗaya kawai, Barkono."

"Wa kake kira Barkono?"

Ta zaɓi ɗaya ta wurga masa a ƙirji. Ya duba lambar, ya washe baki. Tasa ce, in ji shi. Wani bai zo ba, ya cike gurbin da rigarsa.

Sunan ya bi ta, ita ma ta laƙaba masa Malam Gumi. Kafin zango ya ƙare, saƙonsa ke tashinta da safe: "Barkonona, yau ma ki zo ki yi mini faɗa, shayina ba ya shiga sai da shi." Ta kan mayar: "Ka yi wanka tukuna." Sai ta kife wayar tana murmushi.

Da maganar aure ta taso, babanta ne ya ƙi. "Mutumin da ya ce so lissafin jini ne? Gobe lissafin ya canja, ya dawo mini da ke?" Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta ce Baba bai san shi ba.

Abokin ofishin Malam Gumi, wani da ake kira Ɗan Gayu, ya daɗe yana rage tafiya in ya hango ta. Shi ya tare ta a matakala.

"Ki leƙa ajinsa yau. Kuma ki sani, rigar da kika zaɓa tawa ce. Lambobi suka cakuɗe, ya gano tuni, ya yi gum."

Ta zauna a kujerar baya. Ga masoyinta gaban allo, ɗalibai na dariya.

"Ni kaina hujja ne," yake cewa. "Wadda zan aura ba ita ta zaɓe ni ba, hancinta ne."

Ta tashi ta fice. Ta riga shi isa ofis, ta jira shi a tsaye.

"Ni ce misalin aji? Ina can ina musu da mahaifina a kanka, kana nan kana sayar da hancina?"

"Barkono, tsaya..."

"Kar ka Barkono ni! Rigar wa na zaɓa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta Ɗan Gayu."

"To madalla. Iliminka ya ce in auri Ɗan Gayu. Kai me ka ce?"

"Abin da na ji wa tsoro ke nan. Na ɗauka in kin sani, za ki ga jininki shi yake so."

Ta dube shi, takaici ya kusa sa ta dariya. "Kai da ka koya wa yara cewa mutum ɗaya ba hujja ba ne? Na zaɓi rigar nan don ita kaɗai ke ƙamshin sabulu! Sauran sun kusa sa ni amai, har da taka."

Ta buga ƙofa ta fita. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, ba ta buɗe ba. Ɗan Gayu ya zo da kwalbar turare, ta ce ya kai ɗakin gwaji. A ƙarshe ta rubuta layi ɗaya: "Inda ka ɓata ni, can za ka gyara."

Ranar lacca ta gaba ta zo da babanta, suka zauna a baya. Malam Gumi ya ajiye alli, ya fuskanci ɗalibai.

"Na yi muku ƙarya. Rigar ba tawa ba ce, kuma kuskure ne tun farko mai bincike ya sa rigarsa a gwajinsa. Ku goge misalin. Darasin yana nan, ni ne na ɓata shi. Ita kuwa, ta san warina ta ƙi shi, duk da haka ta zaɓe ni. Wannan ba ni da bayaninsa."

Baba ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Yaron da zai tona kansa gaban ɗalibansa," ya ce mata a hankali, "zai iya riƙe amana. Ki ce ya turo manyansa. Amma ya bar rigunan a nan."

Aka ɗaura aure bayan jarrabawa. Uwarta ta rungume ta tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka, 'yan aji suka amsa da amin har da ihu.

Da ango ya matso, amarya ta ɗaga mayafi, ta sansana kafaɗarsa.

"Sabulu," ta ce. "Ka fara hankali, Malam Gumi."